Tsaga Uku

A bakin Rima, gindin tsamiyar da ke kallon fadamarmu,
akwai turken giginya da munka kafa
bayan shekarar da ruwa yac ci rumbuna bai yi sallama ba.
Tsaga uku munka yi mai da gatarin Maikwano.
Ta fari, a ɗaure kaya.
Ta biyu, tsofaffi da awaki su hau tudu.
Ta uku ba ta son fassara,
ƙafa ta san karatunta.

Ni anka ba rubutu,
don na yi aji shida, kuma barcina ba nauyi.
A bayan takardar siminti na jera mu gida gida:
wa ke ji, wa ba ya ji,
wa ke dogara sanda, wa ke jego,
wa za ya goyi wa.
Arzika ya yi dariya har da riƙe ciki,
wai ruwan da Allah ya aiko, takarda za ta tare shi?
Inno Tumba na tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba:
"Wa yac ce tarewa? Kaucewa za mu yi.
Wanda ya aiko ruwa, ai shi ya halicci tudu."

Daren Talata, gero ya fara ɗaukar ido,
waya ta yi kuka ƙarƙashin matashina.
Gado masunci ne, daga can sama wajen Goronyo:
"Ruwa na tafe, ja ne, har da itace..."
Sai layi ya mutu a bakinsa.
Na ɗaga wayar sama kamar mai roƙon wata, ba sabis.
Na sheƙa masallaci, lasifika ta yi tari ɗaya ta yi shiru.
Na haska turke:
tsaga ta fari ta nutse,
ta biyu na shan ruwa.

To, abin da munka shirya ke nan tun rani,
ranar da mutane ke cewa ba mu da aikin yi.
Maikwano ya hau ƙarfen tayar da ke rataye a maƙera,
bugu uku, numfashi, bugu uku.
Matan shiyyar gabas sunka amsa da turmi ba hatsi,
na yamma sunka karɓa,
daka ta zagaya gari tsakar dare, ba biki ba suna.

Baba Nomau kurma ne, ko aradu ba ta tashe shi.
Amma da igiya yake kwana a ƙafa,
ta bi ta kafar katanga zuwa ɗakin Ige.
Yarinyar ta ja sau uku.
Ya fito da buta da carbi, yana faɗan an katse mai mafarki.

A makarantar kan tudu na buɗe takarda,
rabinta ya jiƙe, tawada ta zama hawaye.
Ban damu ba, na haddace mu.
Ina kira, duhu na amsawa.
Gidan Modi, takwas. Gidan Nahantsi, sha ɗaya.
Kulu mai jego? Ga ta, ga jinjiri cikin ƙwarya.
Arzika?
Shiru.
Arzika!
Sai ga shi, ruwa har ƙugu,
Inno Tumba a bayansa, tana riƙe da rariyarta.
Ba shi anka rubuta mata ba.

Da safe shinkafa ta tafi, irin albasa ya tafi,
katangar gidanmu ta koma laka, uwarta.
Mun yi kukan wannan, kuka sosai.
Amma ba wanda ya ɗauki gatarin gina kabari.

Da ruwa ya janye na koma wurin turke.
Ya karkace, bai faɗi ba.
Na lissafa yadda munka yi gudu da ruwa a dunduniya,
na ari gatarin Maikwano,
na ƙara tsaga ɗaya, taƙi biyu ƙasa da ta fari.
Arzika ne ya riƙe min turken.